A Sauka a Sake Hawa



Sharhinmu na yau a kan motar haya ne, bas-bas na cikin gari, da irin abin da kan biyo baya idan hukuma ta wayi gari ta ce za ta sake zana hanyoyin da suke bi. Zan ɗan kai ku nesa, can Kudancin Amurka, birnin Santiyago na ƙasar Cile. A can ne aka yi wannan gyara ɗungurungum a rana guda, a birni mai mutum kusan miliyan 6 a lokacin, kuma har gobe idan masana sufuri suka zauna, da wuya su tashi ba a ambaci sunan shirin ba, wato Transantiago.

Kafin shekarar 2007, abin da ke ɗaukar talakan Santiyago wasu bas-bas ne masu ruwan ɗorawa, kimanin guda 8,000, mallakar ƙananan masu mota sama da 3,000, wani mai ɗaya, wani mai biyu. Abin da direba zai kai gida ya dogara ne da yawan tikitin da ya yanka. To kun san abin da hakan ke haifarwa, domin mu ma ba baƙonmu ba ne. Tsere a kan babban titin Alameda don a riga na baya kwashe fasinja, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya yana ba da canji, ɗalibai masu biyan kuɗin rangwame a wuce su a tasha kamar ba a gan su ba. Ga haɗurra, ga hayaƙi, a garin da yake zaune cikin kwari a gindin duwatsun Andes, inda da hunturu hayaƙin ba ya samun hanyar fita. Babu mai hankalin da zai ce a bar abin haka.

Sai dai motocin nan suna da wata daraja guda da ba a cika rubutawa a rahoto ba. Dogayen layuka suke bi, daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan. Ku ɗauki mace mai aikatau da ke zaune a La Pintana, unguwar marasa ƙarfi a kudancin birnin, tana aiki a gidan masu hali a Las Condes, can gabas. Tunda kusa da inda mota ke tasowa take hawa, tana samun kujera. Ta biya sau ɗaya, ta jingina kai da taga, ta rama baccin asuba, sai an iso ta buɗe ido. Tafiyar doguwa ce, motar tsohuwa ce, amma ta san lambarta, ta san inda za ta tsaya ta tare ta.

Gwamnatin Shugaba Ricardo Lagos ce ta tsara gyaran, ta Shugaba Michelle Bachelet ta gaji ƙaddamar da shi. Aka raba aikin gida biyu. Manyan motoci, har da dogaye masu gaɓa a tsakiya, su riƙa zirga-zirga a manyan tituna tare da jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa. Sai aka yanka gari yanki-yanki, kowane yanki da ƙananan motocinsa masu launi daban, aikinsu su kwaso mutane daga cikin unguwa su kawo bakin babban titi ko tashar jirgi. Kuɗin hannu kuma an daina karɓa, sai da kati mai suna Bip, a ɗora shi a kan na'ura ta yi ƙara. Kuɗin mota a lokacin peso 380 ne, kuma da wannan biya ɗaya kana iya sauka ka sake hawa wata a cikin ƙayyadadden lokaci.

Hujjar masu wannan tsari ba ta banza ba ce, kuma adalci ne a faɗe ta yadda take. A ce akwai unguwa 10 da wurin aiki 10. Idan kowace unguwa sai an ba ta mota kai-tsaye zuwa kowane wurin aiki, layi 100 ke nan. Motocin da kake da su idan ka watsa su a layi 100, kowane layi sai an daɗe kafin a ga mota. Idan kuwa ka haɗa kowa a babbar hanya guda ana canzawa, layukan sun ragu sosai, motocin sun taru, suna zuwa a kai a kai. Motar da ke zuwa duk bayan minti 30, a tsakaice fasinja zai jira ta minti 15. Idan aka ba shi mota biyu, kowace tana zuwa duk bayan minti 10, zai jira 5 a nan, 5 a can. Ya sauka ya sake hawa, amma ya riga na farko isa. A takarda babu gardama.

Ku dai lura da sharaɗi biyu da lissafin ya jingina a kansu. Hawa na biyu kada ya ci kuɗi, kuma mota ta biyu ta zo da wuri. Idan ɗaya ya faɗi, an cuci fasinja. A lissafin nan da muka yi, bari kowace mota ta koma zuwa duk bayan minti 20 kawai, jira ya zama 10 da 10, ya wuce na motar da aka raba shi da ita, ga wahalar sauka, ga tsallaka titi, ga rasa kujera a kai.

Santiyago ta cika sharaɗin farko. Abin da ya kashe ta shi ne yadda aka biya kuɗin cika shi. An ƙudurta tun farko cewa shirin zai riƙe kansa, gwamnati ba za ta zuba tallafi ba, kuma kuɗin mota ba zai yi tsalle ba. Ana son sababbin motoci, direbobi masu albashi da lokacin tashi daga aiki, na'urorin kati, canjin mota kyauta, duk daga peso ɗin da fasinja ya saba biya. To daga ina cikon zai fito? Sai aka rage motoci. Masu lissafi suka ce kimanin 4,500 za su wadatar a maimakon 8,000, bisa zaton cewa za a keɓe musu layinsu a kan tituna su riƙa gudu ba cunkoso, su yi sawu da yawa a wuni. Ranar da aka fara, yawancin waɗannan keɓaɓɓun hanyoyi ba a gina su ba. Binciken da aka dogara da shi wajen sanin ina mutane ke tasowa, ina suke zuwa, na shekarar 2001 ne, alhali gari ya ci gaba da faɗaɗa a gefe-gefe.

Ranar Asabar 10 ga Fabrairun 2007 aka juya komai lokaci guda. An zaɓi Fabrairu ne saboda a can lokacin zafi ne, makarantu na hutu, mutane da yawa sun bar gari. An ɗauko shahararren ɗan ƙwallon ƙasar, Iván Zamorano, shi ne fuskar tallan, yana bayyana wa jama'a sabuwar taswira. Bawan Allah, daga baya har shi aka riƙa zagi. Tun safiyar farko motocin da suka fito ba su kai adadin da aka yi alkawari ba. Na'urorin kati ba su gama zama ba, dole a kwanakin farko aka riƙa ɗaukar mutane kyauta. Na'urar da za ta nuna wa hukuma inda kowace mota take ita ma ba ta aiki. Kwangilar da aka ƙulla da kamfanoni kuwa ta lamunce musu mafi yawan kuɗinsu ko sun ɗauki fasinja da yawa ko kaɗan. Kamfanin da za a biya ko ya fito ko bai fito ba, kuma ba mai ganinsa, me zai sa ya ƙona mai? An gudu daga direban da ke tsere don fasinja, an faɗa hannun wanda fasinja bai dame shi ba.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya, domin Maris ya kama, ɗalibai da ma'aikata sun dawo.

Mu koma kan baiwar Allah ta La Pintana. Yanzu sai ta taka ƙafa mai nisa kafin ta kai inda ƙaramar mota ke bi, domin layukan cikin unguwa sun ragu. Ta tsaya cikin duhun asuba. Mota ta farko ta zo a cike ta wuce, ta biyu ma haka. Ta samu ta kutsa ta uku, a tsaye. An sauke ta a bakin babban titi tare da ɗaruruwan mutanen da wasu ƙananan motocin suka juye a wuri guda, babu rumfa mai ɗaukar wannan taro, babu layi, sai mai ƙarfi. Idan ta ce bari ta bi jirgin ƙasa, can ma an cika, saboda jirgin da ke ɗaukar mutum miliyan ɗaya da 'yan kai a wuni ya koma ɗaukar sama da miliyan 2, har akan tare ƙofar tasha a riƙa shigar da mutane kashi-kashi. Katinta bai cire mata ko peso ɗaya na ƙari ba, wannan gaskiya ne. Amma ta fito da wuri fiye da da, ta isa a makare, uwar ɗakinta tana kallon agogo, da dare kuma ta dawo ta tarar yara sun yi barci.

Akwai wani abin haushin ma. Tunda an killace kowace ƙaramar mota a yankinta, wanda zai je asibiti ko kasuwa a unguwar da ke maƙwabtaka da tasa, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba, sai ya ga iyakar yanki ta ratsa tsakani, dole ya hau mota biyu ko uku. Wannan iyaka babu ita a rayuwar mutane, a taswirar kwangila kawai take.

Unguwanni suka fara tare hanya suna ƙona tayoyi. Kafin Maris ya ƙare, Shugaba Bachelet ta fito ta amsa cewa ba a yi abin daidai ba, ta ce mutanen Santiyago, musamman talakawa, sun cancanci a ba su haƙuri. Ta sauke ministan sufuri Sergio Espejo ta naɗa René Cortázar. Aka sake zama da kamfanoni a kan kwangila, aka ƙara motoci har suka haura 6,000, aka ƙirƙiro sababbin layuka, aka kakkafa wuraren da fasinja zai ɗora kati tun a ƙasa don a riƙa shiga ta kowace ƙofa. Shirin da aka ce zai riƙe kansa ya koma cin kuɗin gwamnati duk wata. Da aka kai buƙatar kuɗinsa majalisa a kasafin 2008, 'yan majalisa don nuna fushi peso 1,000 kacal suka ware masa, abin da bai kai kuɗin hawa uku ba. Sai a 2009 aka yi dokar tallafi, kuma wakilan sauran lardunan ƙasar suka tsaya kai da fata sai an ware wa yankunansu kwatankwacin abin da aka ba babban birni. A 2012 aka sassauta wancan rabo na manya da ƙananan motoci, aka bar layuka suna ƙetare iyakar yanki. A 2019 har sunan aka canza, ya koma Red, saboda tsohon ya riga ya zama abin zagi.

Yanzu birnin na cikin waɗanda suka fi yawan bas masu aiki da lantarki a wajen ƙasar Sin, kuma da biya ɗaya fasinja na iya canza mota har sau biyu cikin minti 120. Amma akwai tabon da bai warke ba. Mutane da yawa sun koyi hawa ba su ɗora kati ba, har a wasu shekarun ƙididdigar hukuma ta nuna fiye da kashi 30 cikin 100 na masu hawa bas ba sa biya. Ba na goyon bayan cin haƙƙi, amma wanda aka yi wa alkawari aka saɓa, ba a rana ɗaya ake dawo da amanarsa ba.

Sau da yawa za ku ji ana cewa laifin Santiyago shi ne yin komai a rana guda. Ni ban gamsu da wannan ba gaba ɗaya. Birnin Houston na jihar Texas a Amurka shi ma a dare guda ya sauya hanyoyin bas ɗinsa, a watan Agustan 2015, kuma duniya ba ta tashi ba. Bambancin shi ne Houston ba ta zaftare motocinta ba, sake jera su ta yi, ta yawaita layukan da mota ke zuwa duk bayan minti 15 ko ƙasa da haka, har Asabar da Lahadi. Gaggawa ta ƙara wa Santiyago ciwo, amma asalin cutar ƙarancin mota ne da aka ɓoye a cikin lissafi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ake kallon ƙorafin fasinja kafin a fara. Da zarar mutane sun ce kada a taɓa musu mota, sai ka ji jami'i yana cewa jama'a ba sa son canji, ba su fahimci tsarin ba, a ƙara wayar musu da kai. Wani lokaci da gaskiyarsa, don akwai mai ƙin abu saboda sabo kawai. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniya yana lissafin matsakaicin lokaci ne, na mutum mai lafiya, hannu rabbana, da rana tsaka. Fasinja kuwa yana tunanin ranar da abin ya ɓaci. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da hawa matakalar mota sau ɗaya ma aiki ne a gare ta. Makaho da ya haddace tasharsa da ƙirgen taku. Mai goyo da kaya a ka. Ma'aikaciyar jinya da ta tashi ƙarfe 10 na dare, za a sauke ta a mahaɗar da babu fitila ta jira mota ta biyu. Su kansu masana sufuri sun san haka, shi ya sa a lissafinsu sukan ɗauki minti ɗaya na jira a bakin hanya kamar kusan minti biyu na zama cikin mota.

Dublin, babban birnin Ayilan, ta gwada sauraro. A 2018 hukumar sufurin ƙasar ta fitar da sabuwar taswira mai suna BusConnects, wadda ta dogara sosai da canjin mota. Jama'a suka yi ca, aka samu ƙorafi da shawarwari kusan 30,000 a zagayen farko kaɗai, kuma babban kukan shi ne unguwanni za su rasa motar da ke kai su tsakiyar gari kai-tsaye. Aka koma aka gyara, aka maido da layuka da dama. Ba a fara aiwatarwa ba sai 2021, shi ma kashi-kashi, kuma a Nuwamban shekarar aka fito da tikitin minti 90, wanda da shi za ka hau bas, ka koma tarago, ka koma jirgi. Masu tsara taswira na iya cewa an rage mata kyau, kuma abin ya ja shekaru. Haka ne. Har yanzu ma ana ƙorafin motar da allon tasha ya ce tana tafe amma ba ta zo ba. Landan kuwa tun 2016 ta ce wanda ya sake hawa bas cikin awa guda ba zai sake biya ba.

Wanda ya zauna Abuja a 2013 zai ji labarin nan kamar ya san shi. A watan Yunin shekarar, zamanin da Bala Mohammed ke ministan birnin, aka hana ƙananan bas da ake kira araba shiga tsakiyar gari. Aka ce su tsaya a garuruwan gefe su riƙa kawo fasinja bakin hanya, manyan motoci su ɗauka daga nan. Tsarin Santiyago ke nan sak, sai dai mu ko sharaɗin farko ba mu cika ba, domin kowace mota ka hau sai ka biya. Ga wanda ke tasowa daga Mararaba ko Nyanya ko Kubwa, abin ya zama kuɗi biyu da jira biyu, kuma babbar mota ba ta tashi sai ta cika maƙil. Giɓin da aka bari, masu ƙananan motoci na gida ne suka cike shi, suna lodi a bakin titi ba rajista ba tasha, kuma ta wannan ƙofa ce 'yan fashin da ke shigar burtu da motar haya suke samun shiga. A Kano ma, a ƙarshen Nuwamban 2022 an hana 'yan adaidaita sahu bin wasu manyan tituna da sunan an kawo bas-bas, ba a je ko'ina ba aka dakatar da dokar, saboda motocin ba su ishi jama'a ba.

Ba ina cewa a bar garuruwanmu a hannun araba da adaidaita har abada ba. Gari mai miliyoyin mutane ba zai ɗore da abin hawa mai ɗaukar mutum uku ba, kuma duk gyaran da za a yi na gaskiya sai ya ƙunshi canjin mota. Abin da nake cewa shi ne, ranar da kwamishina ya zo gidan rediyo da sabuwar taswira yana lissafa motoci nawa aka sayo, a tambaye shi duk bayan minti nawa mota za ta zo a layin kaza, da ƙarfe 6 na safe da kuma bayan Isha. A tambaye shi wanda ya sauka ya sake hawa, sau nawa zai biya. Idan ya ce sau ɗaya, a tambaye shi wa zai biya mai mota ta biyu, tunda shi ma mai yake sha, kuma ya nuna inda aka rubuta wannan kuɗi a kasafin bana, naira nawa ne, majalisa ta amince ko ba ta amince ba. Kati guda mai aiki a bas da jirgi, irin Cowry na Legas, sauƙin biya yake kawowa. Ko za a cire maka sau ɗaya ko sau biyu, wannan shawara ce ta daban da gwamnati za ta yanke ta kuma ɗauki nauyinta.